Daga Zangon Tamale zuwa makarantar Faransa: abin da ya kamata iyaye su sani kafin su sa hannu

Duk wanda ya tsaya a bakin hanyar Bolga da sassafe, kafin rana ta fara gasa Tamale, zai ga manyan motoci suna bin juna, da yawansu da lambar Burkina ko ta Nijar ko ta Mali. Daga tashar jirgin ruwa ta Tema suka taso, Paga suka nufa. A tsakaninsu yalo-yalo ne da babura cike da yara 'yan sukul. Kilomita kamar 200 ne daga nan zuwa kan iyaka, kuma da ka ƙetare Paga ka shiga Dakola, duk takardar da jami'i zai miƙo maka da Faransanci aka rubuta ta.

Mu mutanen Zango wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Da wuya ka samu gidan da ba shi da ɗan'uwa a Abijan, ko Wagadugu, ko Lome, ko Yamai. Wani ya yi shekaru can yana fatauci, ya dawo gida da yaron da bai taɓa zama ajin Turanci ba. Wani aiki ne ya mai da shi Accra, Ankara kamar yadda muke cewa, aka ba shi labarin makarantar Faransa da ke can. Wani kuma 'ya'yansa suna da takardar zama 'yan ƙasar Faransa ta wajen uwa ko uba. A ƙarshe duk tambayoyi iri ɗaya suke yi: yaya karatun yake, nawa ake biya, yaro zai samu ya yi salla, yarinya za ta sa hijabinta, kuma idan abin bai yiwu ba akwai hanyar komawa?

A ɗauka uba ne a Hausa Zango, ƙaninsa ya turo masa ɗansa daga Abijan don ya riƙe. Yaro ɗan shekara 12, ya miƙo takardar sakamako. A sama an rubuta aji na 6, a ƙasa an rubuta 13 cikin 20. Uba ya duba, ya ce to, ɗan firamare shida ne, kuma karatun nasa tsaka-tsaki. A na biyun ya yi kuskure, a na farkon kuma rabin gaskiya ya faɗa. Irin wannan rashin fahimta ne yake sa a ajiye yaro a ajin da ba nasa ba, ko a dinga yi masa faɗa a kan sakamakon da ya cancanci a sa masa albarka.

Ina makarantar take?

A Tamale babu makarantar da gwamnatin Faransa ta amince da ita a matsayin mai bin tsarinta. Wadda aka sani a Ghana ita ce Lycée Français International Jacques Prévert, a unguwar East Legon a Accra, tafiyar kilomita kamar 600 daga nan: yini guda a bas, ko awa ɗaya a jirgin sama. Tana ɗaukar yara tun daga ajin rainon ƙanana har zuwa shekarar ƙarshe ta sakandare. Tana cikin makarantun da hukumar AEFE ke haɗawa, wato hukumar Faransa mai kula da ilimi a ƙasashen waje, wadda aka kafa a 1990. Makarantun sun haura 500 a ƙasashe sama da 130, kuma yawancin yaran da ke cikinsu ba Faransawa ba ne, 'ya'yan masu masauki ne da na wasu baƙi. A maƙwabta akwai Saint-Exupéry a Wagadugu, Blaise Pascal a Abijan, Louis Pasteur a Legas, da Marcel Pagnol a Abuja.

Amfanin wannan haɗin shi ne manhaja ɗaya ce a ko'ina. Yaron da ya gama aji a Accra zai iya ci gaba a Dakar ko a Paris ba tare da an sake yi masa jarabawar shiga ba. Don haka ne ma'aikatan da ake yawan canza wa wurin aiki suke son ta. Amma a lura: rubuta kalmar Faransa ko ta ƙasa da ƙasa a jikin allon makaranta ba ya nufin an amince da ita. Kowace shekara gwamnatin Faransa tana fitar da jerin makarantun da ta amince da su, har da ajujuwan da amincewar ta shafa, kuma ana ganinsu a shafin AEFE na intanet. Makarantar da sunanta ba ya ciki tana iya koyar da Faransanci mai kyau, sai dai ɗalibinta zai zauna jarabawar shiga idan ya nemi komawa wadda ke ciki.

Aji shida ne farko, aji uku ne ƙarshe

Abin da ya fi rikita mutanenmu shi ne lissafin aji. Faransawa daga sama suke ƙirgowa ƙasa. Matakin da suke kira kolej, wanda ya yi daidai da ƙaramar sakandare, shekara 4 ne. Yaro yana shiga aji na 6, wanda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira siziyam, a watan Satumba na shekarar da yake cika 11. Daga nan sai aji na 5, sai na 4, sai na 3 inda yake gamawa yana da shekara 14 zuwa 15. Wanda aka ce yana aji na 3 shi ne babba, wanda ke aji na 6 shi ne sabon shiga.

Idan aka jera tsarin biyu, abin yana fitowa sarai. Su firamarensu shekara 5 ce, kolej 4, babbar sakandare 3. Mu firamare 6, JHS 3, SHS 3. Duka biyun shekara 12 ne. Ke nan aji na 6 nasu ya yi daidai da firamare 6 namu a shekaru, aji na 5 da JHS 1, aji na 4 da JHS 2, aji na 3 da JHS 3. Bambancin shi ne yaron siziyam ya riga ya bar tsarin malami ɗaya. Kowane darasi da nasa ticha, kowace awa yana iya canza ɗaki, shi ne kuma zai kula da jakarsa da jadawalinsa. Yaron can da aka turo daga Abijan, wanda ya gama aji na 6, JHS 1 ne mazauninsa idan Turancinsa zai ɗauke shi.

Yadda yini yake tafiya

A tsarin kolej, ɗalibi yana da darasin dole na awa 25 zuwa 26 a mako. A aji na 6 Faransanci yana cin awa huɗu da rabi, lissafi ma haka, Turanci awa 4, motsa jiki awa 4, tarihi da labarin ƙasa da tarbiyyar ɗan ƙasa awa 3. Akwai kimiyya, akwai zane da kiɗa awa ɗaya ɗaya. Daga aji na 5 ake ƙara harshen waje na biyu, awa biyu da rabi a mako, galibi Sifaniyanci ko Jamusanci, wasu makarantun kuma suna da Larabci. Darasi ɗaya minti 55 ne.

Jadawalin ba iri ɗaya ba ne kullum. Yau yaro zai fara ƙarfe 8 ya tashi 3, gobe ya tashi 4 ko 5. Wasu darussan ma mako ɗaya a yi, mako ɗaya a tsallake. A al'adar Faransa ba a karatu ranar Laraba da yamma, kuma makarantunsu da yawa na waje sun riƙe wannan. Idan aka samu awar da babu darasi, ko malami bai zo ba, yaro ba ya fita yawo. Ana kai shi ɗakin zaman nazari ƙarƙashin kulawar masu sa ido, ko ya shiga laburare. Uwar da ke da rumfa a kasuwa, wadda ta saba yara su dawo tare lokaci ɗaya, sai ta sake tsari, domin wa da ƙani ba lallai su tashi lokaci ɗaya ba.

Akwai wani ofishi da ba mu saba da shi ba, wanda aikinsa kawai rayuwar ɗalibi ce a wajen aji: makara, fashi, faɗa, izinin fita. Shugabansa babban jami'in tarbiyya ne, ba ya koyarwa. Ana kiran suna a kowane darasi, ba sau ɗaya da safe ba. Idan yaro bai shiga darasin ƙarfe 10 ba, kafin azahar an nemi iyayensa. Ranar da ya yi fashi, ko da suna aka yi a gida ko biki, sai an rubuta dalili an sa hannu. Ana yin haka a wani ɗan littafi da yaro ke yawo da shi kullum, wanda malamai da iyaye ke aika wa juna saƙo a ciki. Makarantu da yawa kuma suna amfani da manhajar Pronote, inda uba zai ga maki da aikin gida da makara a wayarsa. Duk wannan da Faransanci yake zuwa. Gidan da babu mai karanta shi yana buƙatar wanda zai tsaya a kan wannan tun ranar farko.

Babu bulala. A nan Ghana ma GES ta hana a hukumance, ko da yake kowa ya san yadda ake ciki a wasu wurare. A can horon shi ne gargaɗi a rubuce, tsare yaro awa ɗaya bayan an tashi, korar kwanaki, in laifin ya yi girma a kai shi gaban kwamitin ladabtarwa tare da iyayensa. Waya kuwa, tun 2018 doka ta hana amfani da ita a firamare da kolej a Faransa, kuma makarantun waje da yawa sun bi sahu. Makarantun gwamnati a Faransa ba su saba da yunifom ba, amma a waje kowace makaranta da nata tsarin.

Shekarar karatu tana farawa farkon Satumba, ta ƙare ƙarshen Yuni ko farkon Yuli. A tsakani, duk bayan mako 7 ko makamancin haka ana hutun kamar mako 2: ƙarshen Oktoba, ƙarshen Disamba, Fabrairu, da Afrilu. Ba kowane hutun ne yake haɗuwa da na sauran yaran gida masu bin kalandar GES ba, don haka sai a san inda za a ajiye yaro da abin da zai yi.

Goma sha uku cikin ashirin

Mu koma ga takardar yaron Abijan. Ana ba da maki cikin 20, kuma 10 ne iyakar ci. Malaman Faransa suna da rowar maki. Yaron da matsakaicin makinsa ya kai 12 ya yi ƙoƙari, mai 14 ya yi kyau, mai 16 zuwa sama gwani ne. Wanda ya saba jin 80 ko 90 cikin 100 kada ya ɗauki 13 ya mai da shi 65 ya ce yaro rago ne. Kuma kada a rikita shi da na BECE, inda 1 ne ya fi kowane kyau, 9 ne na ƙarshe.

Ƙarshen kowane zango ana zaman majalisar aji. Shugaban makaranta ko mataimakinsa ne ke jagoranta, malaman ajin suna nan, da wakilan iyaye 2, da wakilan ɗalibai 2 waɗanda 'yan ajin suka zaɓa da ƙuri'a. Ana bin sunan yara ɗaya bayan ɗaya, a rubuta yabo, ko ƙarfafa gwiwa, ko gargaɗi. Abin mamaki ne ga wanda ya tashi a tsarinmu a ce yaro ɗan shekara 12 yana zaune ana tattauna sakamakon abokansa, har a ba shi dama ya yi magana. Haka tarbiyyar take: ana koya wa yaro ya yi tambaya, ya kawo hujja, ya ce bai yarda ba. Wannan hali zai biyo shi gida. Iyayen da suka san da haka tun farko sun fi iya nuna masa inda ake musu da inda ake sunkuyar da kai.

A aji na 3 ɗalibi yana yin mako guda a wani wurin aiki, asibiti ko kanti ko ofis, yana kallon yadda ake yi, ya rubuta rahoto. Ƙarshen shekara sai jarabawar Brevet: Faransanci, lissafi, tarihi da labarin ƙasa, kimiyya, da jarabawar baka a gaban malamai. Ana haɗa makinta da na aikin aji. Sai dai ba ita ke raba wa yara makarantu ba kamar yadda BECE da na'urar CSSPS ke yi a nan. Majalisar aji ce ke duba aikin shekara da buƙatar iyaye ta ba da shawarar inda yaro zai dosa.

Salla, hijabi, azumi da abinci

Nan ne zuciyar maganar take ga iyaye Musulmi. Makarantar Faransa ba ta koyar da addini, kowane iri. Babu darasin addini da tarbiyya irin wanda ake yi a JHS, babu addu'ar safe, ba ta Kirista ba, ba ta Musulmi ba. Wanda yake gudun a tilasta wa ɗansa shiga coci, kamar yadda ake kuka da wasu makarantun mishan, ba zai gamu da wannan ba. Amma kuma babu wanda zai tuna wa yaro lokacin azahar. Addini yana zuwa ne a darasin tarihi: a aji na 5 ana karanta farkon Musulunci da daulolin halifofi tare da tarihin Rumawa da Kiristocin Turai, a matsayin tarihi, da idon mai bincike. Yaron da ya taso a makarantar allo zai ji ana maganar abin da ya sani da wata murya dabam, kuma yana buƙatar wanda zai zauna da shi a gida.

Maganar hijabi kuwa tana da tarihi. Dokar 15 ga Maris 2004 ta hana sanya alamar addini da ta fito fili a makarantun gwamnati a Faransa, a 2023 kuma aka haɗa da abaya. Wannan doka ta cikin ƙasar Faransa ce. Makarantar da ke waje tana zaune ne a ƙarƙashin dokar ƙasar da take, kuma tsarin mulkin Ghana na 1992, sashe na 21, ya ba kowa 'yancin yin addininsa da bayyana shi. Abin da ke yanke hukunci a aikace shi ne kundin dokokin cikin gida na kowace makaranta, wanda uba da yaro ke sa wa hannu ranar rajista. A nemi wannan kundi tun kafin a biya ko sidi ɗaya, a samu mai Faransanci ya karanta shi layi layi. Duk wanda ya tuna rikicin azumi na makarantar Wesley Girls a Cape Coast a 2021 ya san cewa gyara magana bayan yarinya ta shiga ya fi wuya nesa ba kusa ba. Tun ranar gini, ranar zane.

Juma'a ranar karatu ce kamar kowace. A tsarinsu akwai ɗalibai iri biyu: mai cin abincin rana a makaranta, wanda ba ya fita sai an tashi, da mai fita ya ci a gida ya dawo. Hutun rana a kolej na Faransa ba ya kasa awa ɗaya da rabi. Wanda yake son ɗansa ya samu Juma'a sai ya dubi jadawalin ranar, ya tambayi ko ana ba da izinin fita a rubuce da wanda zai ɗauke shi. Sallar Idi ƙarama da babba ranakun hutu ne na ƙasa a Ghana, wannan babu matsala. Azumi kuwa ba ya dakatar da darasi, ba ya ɗaga jarabawa, ba ya soke motsa jiki. A gaya wa malamin da ke riƙe da ajin tun kafin wata ya kama.

Motsa jiki darasi ne mai maki, maza da mata tare, kuma iyo yana cikin manhaja. Ba a yafe shi sai da takardar likita. A darasin kimiyyar halittu ana karanta balaga da haihuwa, ana karanta ra'ayin sauyawar halittu. Tun 2001 dokar Faransa ta tanadi zama 3 a shekara kan ilimin jinsi. Wasu iyaye za su ga babu laifi in dai sun riga sun yi wa yaro nasu bayanin, wasu kuma ba za su yarda ba. Ko wanne ne, gara a sani tun ana waje.

Abinci ma a tambaya. A Faransa kanta doka ba ta tilasta wa makaranta ta ba da wani abinci a madadin naman alade ba, ko da yake ba ta hana ba, kuma da yawa suna yi. A tambayi inda ake sayo nama, a tambayi ko yaro zai iya zuwa da kwanon shinkafa da wakensa daga gida.

Sai babbar tambaya: ina makaranta? A Tamale yaro yana tashi daga sukul ya wuce wajen malam, ko Asabar da Lahadi ya yini a Islamiyya. Akwai kuma makarantun da suka haɗa Turanci da Larabci ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci na GES da aka kafa a 1987, ga Anbariyya da marigayi Afa Ajura ya kafa, ga Nuriyya. Yaron kolej da ke tashi ƙarfe 4 ko 5, ya sha cunkoson Accra, ya dawo da aikin gida, ba shi da wannan sararin. Abin da ya rage masa Laraba da yamma ne, da ƙarshen mako, da hutun mako bibbiyu. Wanda bai tsara wannan da gangan ba zai wayi gari yaro ya iya harshe uku amma izu biyun da ya haddace sun zube.

Kuɗi da masauki

Karatun ba kyauta ba ne. Ana maganar dubban Yuro a shekara ga yaro ɗaya, ban da kuɗin rajistar farko, da na abinci, da na mota, da littattafai, da kuɗin jarabawa. Makarantu da yawa suna da farashi dabam ga Bafaranshe, da ɗan ƙasa, da baƙo. Tallafin karatu da gwamnatin Faransa ke bayarwa na yaran da ke da takardar ɗan ƙasar Faransa ne, waɗanda aka yi wa rajista a ofishin jakadanci, kuma ana duba samun iyaye kafin a bayar. Ɗan Ghana zalla ba ya ciki. Wanda samunsa da sidi ne ya tuna yadda sidi ya faɗi a 2022, ya yi lissafin shekara 7, daga aji na 6 har ƙarshen sakandare, kada ya tsaya a kan shekarar farko. A ɗaya gefen kuma JHS ta gwamnati ba a biyan kuɗin karatu, SHS ma kyauta ce tun Satumba 2017.

Yawancin irin waɗannan makarantu na jeka-ka-dawo ne. Ga mutumin Tamale wannan yana nufin ko iyali su koma Accra, ko a ba da riƙon yaro ga 'yan'uwa a Nima, Mamobi ko Madina. Riƙo al'adarmu ce, amma wannan riƙon yana da nauyi na musamman: mai riƙo ne zai dinga sa hannu a littafi, ya je taron iyaye, ya amsa waya idan an kira.

Akwai kuma abin da babu mai iya lissafa shi, wato siyasa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, dangantaka da Faransa ta lalace, ofishin jakadancinta a Yamai ya rufe a Janairu 2024, makarantar La Fontaine ma abin ya kai ta ga rufewa. Iyalai da yawa sun shiga neman inda za su kai yara a tsakiyar karatu. Ghana ba ta cikin wannan hali, amma darasi ne ga mai 'ya'ya a ƙasashen Sahel.

Shiga da fita

Shiga kolej ga yaron da bai iya Faransanci ba abu ne mai wuya, domin lissafi da kimiyya da tarihi duk da shi ake koyarwa. Ana yi masa gwaji, kuma ko an ɗauke shi sai ya sha darasin ƙari. Shi ya sa masu wannan niyya suke farawa tun daga ajin ƙanana. Fita ma tana da nata. Yaron da ya bar tsarin a aji na 4 ya dawo JHS zai tarar da darussan da bai taɓa yi ba, kamar harshen gida, wanda a Tamale galibi Dagbanci ne, da nazarin zamantakewar Ghana. Idan ana son ya shiga SHS ta gwamnati, sai ya samu makarantar da za ta yi masa rajistar BECE. Lokacin da ya fi sauƙin canji shi ne ƙarshen aji na 6, yaro ya shiga JHS 1 yana da shekara 3 a gabansa. Mafi wuya shi ne shekarar ƙarshe.

Ga iyalin da suka dawo Tamale na ɗan lokaci kuma suke da niyyar komawa, akwai hukumar CNED ta Faransa mai koyarwa daga nesa, wadda ke da cikakkiyar manhajar kolej ta intanet. Tana buƙatar wuta, da intanet mai ƙarfi, da babba mai Faransanci da zai zauna kusa da yaro kullum.

Abin da ke hannunmu a nan

Gaskiyar magana, gidaje kaɗan ne a Zango za su iya wannan makaranta. Amma abin da yawancin iyaye ke nema shi ne harshen, kuma harshen yana da hanyoyi masu araha. Faransanci yana cikin darussan da ake iya zaɓa a BECE, kamar yadda Larabci ma ya shiga jarabawar a 2024. Kwalejin horar da malamai ta Bagabaga, a nan cikin Tamale, tana cikin waɗanda ke horar da malaman Faransanci. Matsalar ita ce ba kowace JHS ke da malamin ba, don haka uba ya tambaya kafin ya zaɓi makaranta, kuma kwamitin iyaye yana da bakin da zai nema. Akwai kuma takardar shaidar DELF ta gwamnatin Faransa, mai matakai A1, A2, B1 da B2, wadda ke da nau'in matasa, ba ta tsufa, kuma ana zama jarabawarta ta hannun Alliance Française, wadda ke da cibiya a Accra da Kumasi. Yaron da ya dawo daga Abijan da Faransanci a bakinsa, wannan takarda ce za ta mai da abin da ya iya ya zama shaida a hannu.

Lokacin ma yana da ban mamaki. Ghana ta shiga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci a matsayin abokiyar tafiya a 2006, ta zama cikakkiyar mamba a Oktoba 2024. 'Yan watanni bayan haka, a Maris 2025, Nijar da Burkina da Mali suka sanar da ficewarsu daga ƙungiyar, Nijar kuma ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki. Duk da haka takardar kwastan a Dakola, da rasit ɗin asibiti a Wagadugu, da kwantiragi a Lome, har yau da Faransanci ake rubuta su.

Kakanninmu da suka bi hanyar goro daga Kano zuwa Salaga da Hausa suka yi ciniki, da Larabci da ajami suka yi rubutu, suka koyi Dagbanci da Gonjanci da Tuwi a hanya, ba su bar sallarsu ba. Yaron Zango na yau yana da Hausa a gida, Dagbanci a layi, Turanci a sukul, Larabci a wajen malam. Ƙara masa Faransanci ba zai fi ƙarfinsa ba. Wanda Allah ya hore masa ya kai ɗansa East Legon, ya karanta kundin dokoki, ya yi lissafin shekara bakwai, ya samar masa malamin Alƙur'ani tun kafin ranar farko. Wanda kuma ɗansa ke JHS a Tamale, ya je gobe ya tambayi hedimasta ko akwai tichan Faransanci, in akwai ya sa yaro ya zaɓi darasin. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani.